Jakarmu da Jikkarsu

Akwai wani mai shayi da ya yi zamani a bakin layinmu a Dutsen Kura Hausa, mutumin wani ƙauye ne a wajen Tawa. Kowa Ba'adare yake ce masa, har sunan yankansa ya ɓace a unguwar. Da kaka yake saukowa Minna bayan ya cika rumbu ko ya kasa cikawa, ya kafa teburinsa, ya yi ta dama madara har hadari ya fara haɗowa, sannan ya ɗaure kayansa ya bi ta Kontagora da Sakkwato da Illela ya koma gona. Mahaifina ne ma'ajinsa. Duk Juma'a bayan la'asar zai shigo zaure ya durƙusa, ya kwance bakin wani ƙyalle, ya ƙirga abin da mako ya ba shi, Baba ya rubuta da ajami a bayan wani tsohon littafi, ya kai kuɗin ɗaka.

A 1980, ranar da ya zo sallama, ina kawo musu ruwa na ji yana cewa, "Malam, bana dai mun gode Allah. In na kai Ƙonni na canza, jikka hamsin za ni shiga gida da ita." Saura kaɗan moɗa ta suɓuce mini. Jaka a wurinmu naira ɗari biyu ce, hamsin ɗinta kuwa naira dubu goma ke nan, kuɗin da ban taɓa jin wani a layinmu ya riƙe ba. Yana fita na ce, "Baba, ashe Ba'adare attajiri ne yake ɓoyewa?" Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai yaro, jakarsu daban, tamu daban. Duk abin nan da ka ji jaka ɗaya ce tamu. Ni na ƙirga masa, Murtala goma."

Sai da na girma na gane abin da ya ba shi dariya. Harshenmu ɗaya da mutanen Tawa da Maraɗi da Damagaram, sunayen kuɗinmu ma ɗaya, amma kowa da abin da ya ɗura a ciki. Can dala ita ce sefa biyar, kuma da ita ake ƙirga komai. Abin sefa ɗari, dala ashirin ne. Na ɗari biyar, dala ɗari. In an kai dala metan an yi jikka, wato sefa dubu. Bakanon da ya sauka Maraɗi yau ya ji mai ƙosai ta ce dala biyar sai ya zaro ido, don shi dalar da ya sani ta Amurka ce. Kakata kuwa har ta koma ga Allah in ta ce dala sule biyu take nufi. Dala uku ke nan a bakin Bahaushe, kuma sunan ya shigo mana ne da wata ƙwandalar azurfa mai hoton Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada. Ko yaushe aka buga ta, shekarar 1780 ake sa mata. Lokacin da Bature Barth ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan guda ɗaya.

Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wuri dubu ashirin shi ne keso, kayan ƙato guda, wanda in tafiya ta yi nisa abincin ɗan dakon sai ya cinye abin da ya ɗauko. Asalin wurin daga tsibiran Maldibs yake zuwa, kaɗan-kaɗan, da tsada. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka gano wani irinsa mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa cika jiragen ruwa da shi suna sauke wa a bakin teku, kafin ƙarnin ya ƙare dalar nan ta Kano ta ninka farashinta. Ke nan kakanninmu ma sun ga kuɗi na zubewa a hannunsu, tun ba a haifi naira ba.

Da Turawa suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, sai kowane ɓangare ya sami nasa sulallan. Mu aka kawo mana fam da sule da sisi da taro da kwabo mai huji, da ɗari, wato rabin kwabo, wanda sunansa ma daga wuri ɗari ya samo shi, da anini mai tauraro, wanda har gobe yake kafaɗar soja da ɗan sanda. Daga 1912 hukuma ɗaya ce ta riƙa buga wa Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi. Minna kanta 'yar sulalla ce, domin leburorin da suka shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya ratsa ta nan ya kai Kano a 1911, da su aka biya su, kuma da su aka ce a kai haraji. Fam ɗari na sulalla a jakar banki ita ce jaka. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, jaka ta zama naira ɗari biyu, ta zauna a nan ba ta ƙara motsi ba. Su kuwa Faransa ta ƙirƙiro musu sefa ranar 26 ga Disamba 1945, ta ɗaure ta a jikin kuɗinta. Nijar ta sami 'yanci a 1960 da ɗaurin a wurinsa: kuɗin Faransa ɗaya, sefa hamsin.

To a shekarar da Ba'adare ya ba ni tsoro, dalar Amurka kwabo hamsin da biyar ce a banki, kuma sefa ɗari biyu da goma ko sama da haka kaɗan. In ka buga lissafin, naira ɗaya tana cin sefa 385, sefa dubu kuma naira biyu ce da kwabo sittin. Da farashin banki aka canza masa, da jikka saba'in da bakwai zai kai gida. Hamsin ɗin da ya samu farashin 'yan canjin bakin iyaka ne, kuma a wannan giɓin na jikka ashirin da bakwai duk labarin da ya biyo baya yake kwance. Gwamnati ce ta ce ga darajar naira, man fetur ya tsaya mata. Kasuwa ba ta taɓa yarda da farashin ba ɗari bisa ɗari, don wanda ya tashi sayen atamfa ko taba daga Turai, da sefa zai iya, tunda Faransa ta lamunce a mai da ita kuɗinta ko yaushe, naira kuwa sai da takardar izini da sanin ido.

Mu yara ba ruwanmu da wannan. Abin da muka sani, Minna ta zama babban birnin jiha a 1976, ma'aikata sun cika gari, unguwarmu da ke gefe ta fara cin gonakin Gwarawa, kuma duk wanda ya zo daga arewa da iyaka aiki ya zo nema wurinmu: mai ga-ruwa, mai yankan farce, Buzu mai gadi da takobinsa da butar shayinsa. A 1981 aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 125. A farashin banki sefa dubu hamsin da biyar ke nan. Na sha jin manya suna kiran sefa "takardar tsire", kuma in wani ya dawo daga Yamai da ragowarta yara ake ba wa su yi wasa. Ba na alfahari da wannan raini yanzu, amma mun yi shi.

Girgiza ta farko da na gani da idona ta 1984 ce. A ƙarshen Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da kwanaki goma sha biyu, ta ce naira dubu biyar kaɗai za a canza wa mutum hannu da hannu, ta kuma rufe iyakoki don kada wadda ke waje ta dawo. Ajiyar Ba'adare ta tsira, don Baba ya kwana biyu yana bin layin banki da ita haɗe da tasa. Ta ƙanen Ba'adare da ke can gida, wanda ya ƙi canzawa yana jiran farashi ya gyaru, ta mutu a cikin tukunya. Shekarar kuma damina ta ƙi, dabbobi suka ƙare, hanyar kudu da aka saba bi in an shiga wuya tana rufe har 1986. Mutanen Nijar suna raɗa wa kowace yunwa suna, waccan El-Buhari suka sa mata. Teburin shayin ya yi shekara biyu a jingine a zaurenmu.

Ba'adare ya dawo ya tarar da ɗan garinmu a kan mulki. Janar Babangida ya ba jama'a dama a yi muhawara kan bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka ce ba a so, ya ce to an fasa, sai kuma farashin mai ya faɗi warwas a 1986, aka sha maganin ba tare da an karɓi bashin ba. A ƙarshen Satumba na shekarar aka fara gwanjon dala, wadda ke naira ɗaya da rabi ta haura huɗu a zaman farko. Na ji muhawarar nan a Minna sau ba adadi, a majalisu da wuraren ɗaurin aure, wasu na kare shi don na gida ne, wasu na sukarsa don sun san abin da albashinsu ya koma. Ni ina ganin farashin 1985 ba mai ɗorewa ba ne ko wa ke kan kujera, tunda 'yan canjin Wapa a Kano sun riga sun bar shi a baya da nisa. Abin da ban yafe wa shekarun ba shi ne alkawarin da aka haɗa mu da shi, cewa in naira ta yi araha masana'antunmu za su tashi mu riƙa sayar wa duniya kaya. Masaƙun Kaduna da Kano da injin waje da sinadarin waje suke aiki; tsadar dala ta fara shaƙe su kafin atamfar Sin ta zo ta ƙarasa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da naira ta yi arha, kayan Najeriya suka malale kasuwannin Nijar, daga fetur da takin zamani zuwa bokitin roba da ashana, 'yan ƙananan masana'antunsu suka kasa numfashi. Mai kawo shanu ko wake Illela da Jibiya kuma ya riƙa komawa da naira cike da aljihu, sefa kaɗan. Faransa ta gaji da ciko. A Agusta 1993 aka daina karɓar takardun sefa da aka fitar waje, sannan a Janairu 1994, a wani taro a Dakar, aka raba darajarta biyu dare ɗaya: kuɗin Faransa ɗaya ya koma sefa ɗari. Sau ɗaya ke nan a rayuwata na ga Ba'adare ya yi murna da labarin rediyo, don nairarsa ta ƙara auki. Murnar ba ta kai gida ba. Da ya isa ya tarar da magani da shinkafa da duk abin da ke zuwa daga teku sun tashi.

Daga nan sefa ba ta sake motsawa ba. A 1999 aka kwance ta daga kuɗin Faransa aka ɗaura a jikin yuro, 655.957, lambar da take nan har yau har da ɗigonta. Naira kuwa ta ci gaba da gangara, wani lokaci a hankali, wani lokaci da gudu. Zamanin Abacha gwamnati ta kafe a kan naira ashirin da biyu alhali kasuwa na sayarwa sama da tamanin, wanda duk ya sami ta gwamnati ya kwana da arziki. Takardu suka riƙa girma suna bin faɗuwar: hamsin a 1991, ɗari a 1999 da dutsen Zuma na jiharmu a bayanta, ɗari biyu mai Sardauna a 2000, ɗari biyar mai Azikiwe, haifaffen Zungeru, a 2001, dubu a 2005. Ranar da na fara riƙe ɗari biyun nan na tuna da Baba. Jaka guda, abin da mutum ya yi rani yana tarawa, ta koma falle ɗaya da ake miƙa wa ɗan acaɓa.

Shekaru da yawa sefa dubu tana wajen naira ɗari uku. Bayan 2016 ta ninka. Wajen 2022 ta haye naira dubu a kasuwar bayan fage, ma'ana sefa ɗaya ta fi naira ɗaya, abin da in da ka faɗa a majalisar Baba sai a ce a kai ka a duba ka. A Yuni 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, a ƙarshen 2024 sefa dubu ta kai naira dubu biyu da ɗari shida. Daga naira biyu da kwabo sittin zuwa naira dubu biyu da ɗari shida: ninki dubu cif, a cikin shekara arba'in da huɗu, kuma da rabewar da ita sefar ta yi a hanya. Mafi ƙarancin albashinmu na 2024, naira dubu saba'in, bai kai sefa dubu ashirin da bakwai ba. Na Nijar a shekarar sefa dubu arba'in da biyu ne, ko da yake 'yan kaɗan ne can ke da aikin albashi.

Kada a ɗauka ina cewa su sun ci riba. Ba'adare ya shekara talatin yana riƙe kuɗi mai daraja, bai hana shi barin iyalinsa wata bakwai a kowace shekara ba. Ƙarfin sefa ba daga geron Tawa ko albasar Galmi ya fito ba, daga lamunin Faransa ne, wadda har gyaran da aka sanar a Abijan a Disamba 2019 rabin ajiyar ƙasashen ke baitulmalinta, kuma a can ake buga takardun. Kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen Nijar sun ga haka ƙarara bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da babban bankin da ke Dakar, nasu su takwas, ya riƙe asusun gwamnatinsu, bankunan Yamai suka koma ba mutum kuɗinsa da awo. Mu ma a farkon shekarar mun kwana a bakin bankuna muna sayen naira da naira wurin masu POS, saboda sabon canjin launi. Shekara ɗaya, ƙasa biyu, kowa da kuɗinsa a rubuce ba ya iya taɓawa. Yanzu matasansu na neman a ba su kuɗin kansu kamar yadda muke da namu, 'yan kasuwarmu a Babanna da Illela kuwa suna ɓoye sefa a ƙarƙashin katifa. In na ji ɓangarorin biyu sai in rasa wanda zan ba haƙuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai kai waɗannan girma ba. A Nijar dala tana nan da ranta, yaro ya san ta, tsohuwa ta san ta, sadakin da aka yanka da jikka shekara talatin da suka wuce in an faɗe shi yau ana gane nauyinsa. Mu kuwa sunayenmu sun mutu ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yana suna cewa ba su da ko sisi, ba su da ko anini, ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya a cikinsu. Kwabo sai a takardar banki. Tare da sunayen wata ɗabi'a ta tafi, ta ajiya. Adashin da mahaifiyata ke zubi na shekara ne, wadda ta kwashi ƙarshe ba ta jin an cuce ta. Yanzu kowa ɗaukar farko yake so. Wanda ya sami 'yan kuɗi a Dutsen Kura bulo yake bugawa ya jibge, ko ya sayi buhun masara ko tunkiya, komai dai ban da ya bar su su kwana. Bashi tsakanin 'yan'uwa ma ya yi wuya, don wanda ya ranta maka kuɗin buhu biyar bara, in ka mayar masa bana na uku ka ba shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Littafin ajamin Baba yana nan wurina. Shafi bayan shafi na Juma'o'i ne, ba inda aka rubuta farashin canji, don ba wanda ya zaci abin da aka ajiye da kaka zai rame kafin bazara.

Ba'adare ya rasu a ƙauyensu tuntuni. 'Ya'yansa ba su gaje shi a nan ba. Ɗaya ya bi ta Agadas zuwa Libiya, ɗaya ya tafi haƙar zinariya Jado bayan an gano ta a 2014, don ci-ranin naira ya daina biyan kuɗin mota. Jikansa ne ya zo shekaru uku da suka wuce, ya nemi gidanmu da kwatance, muka samo masa wuri kusa da inda teburin kakansa yake. Na ce masa in yana son ajiya ga ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni, ba rashin yarda ba ne. Naira ba ta kwana bakwai hannuna." Duk Alhamis yake tura abin da ya samu ta waya wurin wani ɗan canji a Illela, kafin magariba sefa ta isa hannun mahaifiyarsa.

Wata safiya da sanyi na sha shayinsa baƙi, ba madara, na miƙa masa ɗari biyu mai Sardauna. Ya ce saura ɗari, sukari ya tashi. Ina laluben aljihu na ce, "Ka san wannan ita ce jaka? Kakanka rani guda ya yi kafin ya haɗa ta." Na ba shi labarin jikka hamsin da moɗar da ta kusa faɗuwa. Ya saurara yana juya takardar a hannunsa, sannan ya ciro waya daga aljihu ya danna.

"Yau sefa saba'in da bakwai ce, Baba," ya ce. "Dala goma sha biyar, da 'yan kai."

Ya ninke ta ya jefa a gwangwanin madara, ya juya wurin mai jiran indomi.